Daga ina runduna ta 81 da ta 82 suka samo lamba? Yadda Ingila ta tsara dibishan ɗin sojan ƙasa a yaƙin Hitila

In kana sauraren labaran soja a rediyo za ka ji ana cewa runduna ta 1 da ke Kaduna, ta 3 a Jos, ta 7 a Maiduguri, ta 8 a Sakkwato, sai kwatsam a ce runduna ta 81 da ke Legas da ta 82 da ke Inugu. Toh ina ta 9 har zuwa ta 80 suka shiga? Babu su. Waɗannan lambobi biyu gado ne daga lissafin sojan Ingila na yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, ɓangaren da ya fi shafarmu kuma su ce yaƙin Bama, wato ƙasar Burma da ake kira Myanmar a yau.

Ruɗani na biyu daga harshe yake. A Hausa komai runduna ne, mutum 800 runduna, mutum 18,000 ma runduna, alhali a wajen soja kowanne da sunansa da girmansa da irin hafsan da ke riƙe da shi. Wadda ake magana a kai a nan ita ce dibishan, kuma sai an gane yadda Turawan Ingila suka gina ta sannan za a gane abin da ya faru da mutanenmu da aka kwasa zuwa Bama.

Tsanin daga kofur zuwa janar

A fara daga ƙasa. Mafi ƙanƙanta shi ne sashe, wajen 1944 mutum 10 ne a ƙarƙashin kofur, yawancinsu riƙe da bindigar Lee-Enfield mai cin harsashi 10, sai mashinga guda ɗaya ƙirar Bren wadda ita ce ainihin ƙarfin sashen, sauran ma kowa na ɗauke mata harsasai a jikinsa. Sashe uku su ne filatun, mutum talatin da 'yan kai, laftana ke riƙewa saje na dafa masa. Filatun uku kamfani kenan, wajen mutum 120, galibi manjo ne a kai.

Daga nan sai bataliya, kamfani huɗu na masu bindiga, da kamfanin hedikwata, da wani na tallafi mai riƙe da manyan makaman bataliyar, wato turmin harba bom mai bakin inci 3, da bindigogin fasa tanka, da ƙananan motocin sulke masu tafiya kan sarƙa. Duka-duka mutum 800 da ɗoriya, laftanar kanar ne shugaba. Bataliya uku birged, birgediya a kai. Birged uku kuma su ne dibishan, manjo janar ke jagoranta, shi ne ake ce wa GOC har yau a Najeriya. Sama da haka akwai abin da ake rubutawa Corps ana furtawa kamar kor, dibishan biyu ko uku ko fiye a hannun laftanar janar.

Lissafin dai uku-uku ne, bataliya tara a dibishan guda. Da ba haka yake ba, a yaƙin duniya na farko bataliya huɗu ce a kowace birged, 12 kenan a dibishan, sai a farkon 1918 da mutane suka yi ƙaranci aka rage zuwa tara, haka kuma aka shiga yaƙi na biyu da shi.

Rajimanti fa, ina matsayinta?

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, har da masu karanta tarihin da Turanci. A sojan Amurka da na Jamus rajimanti rukuni ne na yaƙi mai bataliya uku, kusan daidai da birged ɗin Ingila. Amma a sojan ƙasa na Ingila rajimanti kamar zuri'a ce ko gidan gado, tana da suna da tambari da bariki da tarihi, ita ke ɗaukar kurata tana horar da su, amma ba ta fita yaƙi a dunƙule. 'Ya'yanta, wato bataliyoyi, su ake rabawa, wata tana Masar wata tana Indiya wata tana gida. Rajimantin Najeriya ma haka take, bataliyoyinta sun watsu cikin birged daban-daban.

Don a ƙara dagula lissafi, a ɓangaren 'yan igwa kalmar rajimanti na nufin rukuni mai girman bataliya. In ka ji an ce dibishan tana da rajimanti uku na igwa, to ba zuri'a uku ake nufi ba.

Mutum 18,000, amma nawa ne ke gaba da gaba da abokin gaba?

A takarda dibishan ɗin sojan ƙasa ta Ingila mutum 13,863 ce a 1939, zuwa 1944 ta kai 18,347 da ababen hawa sama da 3,000. Adadin bataliya bai ƙaru ba, tara ce dai, abin da ya kumbura shi ne duk wani abu da ke kewaye da su.

Yi lissafin da kanka. Bataliya tara, kowace da kamfani huɗu na masu bindiga, kamfani 36 kenan, in ka ninka da 120 za ka samu mutum 4,300 da wani abu. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai aikinsu shi ne tashi daga rami su taka da ƙafa zuwa inda ake harbinsu. Sauran ina suke?

Akwai rajimanti uku na igwa, kowace da igwa 24, jimla 72, irin wadda ake kira 25-pounder saboda nauyin harsashinta fam 25 ne, kusan kilo 11, tana jefa shi nisan kilomita 12. Akwai rajimantin fasa tanka, da ta kakkaɓo jiragen sama mai bindigogin Bofors, da bataliyar manyan mashinga ƙirar Vickers, da rajimantin leƙen gaba da ke shiga motocin sulke ta gano inda abokin gaba ya ɓuya. Sai injiniyoyi masu kafa gada da tone nakiya da gyaran hanya, sai 'yan sigina masu shimfiɗa waya da riƙe oba-oba, sai direbobi masu jigilar abinci da mai da harsasai, sai rukuni uku na likitoci da masu ɗaukar majinyata, da makanikai waɗanda aka ware musu sashensu na musamman a watan Oktoba 1942, har da 'yan sandan soja masu ba da hannu a mararraba don kada motoci su cushe. In ka duba da kyau gari ne sukutum yake tafiya, da asibitinsa da garejinsa da gidan wayarsa, shi ya sa ake cewa dibishan ita ce mafi ƙanƙantar runduna da za ta iya riƙe kanta a fagen daga na tsawon lokaci ba tare da ta ari komai ba.

Abu ɗaya da ba ta da shi nata na kanta shi ne tankar yaƙi. Tankoki na cikin nasu birged ɗin daban, sai an tashi kai hari a aro mata. A 1942 an gwada gauraya, birged biyu na ƙafa da ɗaya ta tankoki, ba a ji daɗin abin ba aka watsar a 1943.

Wannan kumburi ya jawo gardama tun a lokacin. Firaminista Churchill ya sha ƙorafin cewa wutsiyar soja ta fi haƙoransa girma, mutane da yawa na cin abinci kaɗan ne ke harbi. Janar-janar kuma suka ce ai wutsiyar ce ke sa haƙoran su yi cizo, sojan Ingila da aka kai Faransa a 1939 da mota yake jan igwa da kaya yayin da dibishan ɗin Jamus ta ƙafa ke dogaro da dubban dawakai har ƙarshen yaƙin, kuma mota sai da direba da makanike da mai. Kowane ɓangare na da hujja. Tsarin ya rage asarar rayuka ta hanyar sa ƙarfe ya yi aikin da jiki zai yi, amma ya tara mutuwar a kan 'yan tsirarun nan na gaba. A Normandi da ke Faransa a 1944 mafi yawan waɗanda aka kashe ko aka raunata daga kamfanonin masu bindiga suke, har ta kai babu waɗanda za a cike gurbinsu da su, a watan Agusta aka rushe dibishan ta 59 aka raba mutanenta ga sauran, kafin ƙarshen shekarar kuma aka janye ta 50 daga fagen daga.

Yadda ake jera ta in an zo fagen daga

Ka'idar da aka fi bi ita ce biyu a gaba ɗaya a baya. Birged biyu su fuskanci abokin gaba, ta uku tana jiran ko ta kwana, ko ta toshe inda aka ɓalle ko ta bi ta inda aka samu ƙofa. Cikin kowace birged ma haka, bataliya biyu gaba ɗaya baya, har zuwa kan kamfani. Amfanin lissafin uku-uku kenan. Kuma kafin babban hari kowace bataliya kan ware wasu hafsoshi da sajoji da ƙwararru ta bar su a baya da gangan, don in an yi mata mummunar ɓarna a samu irin da za a sake gina ta a kai.

Ba kullum ake bin takarda ba. Ranar 6 ga Yuni 1944 da aka sauka gaɓar Normandi, dibishan ta 3 ta sauka ne a gaɓar da aka yi wa laƙabi da Sword birged ɗaya bayan ɗaya saboda wurin ƙunci ne, ta 8 ta fara, ta 185 ta biyo da niyyar wucewa birnin Caen, ta 9 na baya. Ba su kai Caen a ranar ba, sai a watan Yuli aka shige shi. Ita kuwa dibishan ta 50 da ta sauka a gaɓar Gold birged huɗu aka ba ta a ranar.

Inda tsarin ya fi nuna kansa shi ne wajen igwa. Kowace bataliya akwai hafsan igwa da ke tafe da ita da oba-oba, in ya hango abin da ya cancanta zai iya kiran igwa 24 na rajimantinsa, in abin ya fi haka ya kira duka 72 na dibishan su zuba wuta wuri guda cikin 'yan mintuna, ba sai an jira takarda daga janar ba.

Gardamar hamada: a haɗe ko a rarrabe

A hamadar Libiya da Masar a 1941 da 1942 an ɗan bar wannan tsari. Filin ba iyaka, Rommel janar ɗin Jamus kuma na zagayowa ta baya, sai kwamandojin Ingila a zamanin Janar Auchinleck suka riƙa yanka dibishan gida-gida, kowace birged a ba ta nata igwa da injiniyoyi ta zauna ita kaɗai cikin shingen waya da nakiya. Masu goyon bayan haka sun ce dibishan a dunƙule ta yi nauyi, kafin ta juya an wuce ta. Masu suka suka ce igwa 24 a nan 24 a can ba su kai 72 a wuri guda ba, kuma abokin gaba zai bi su ɗaya bayan ɗaya. A Gazala, ƙarshen Mayu zuwa 1 ga Yuni 1942, abin da ya samu birged ta 150 kenan, aka kewaye ta aka murƙushe, 'yan uwanta na dibishan ta 50 na nesa ba su iya kai mata ɗauki ba.

Da Janar Montgomery ya karɓi ragamar sojan Ingila a hamadar a watan Agusta 1942 ya ce dibishan za ta yi yaƙi a matsayin dibishan, a El Alamein a watan Oktoba aka tara igwa wuri guda aka ci nasara. Sai dai masu kare Auchinleck na tunatar da cewa shi ne ya fara tsayar da Rommel a wannan wuri a watan Yuli, shi ma ya riga ya fara haɗa igwa, kuma Montgomery ya samu mutane da tankoki da shi bai samu ba.

Da aka kai tsarin dajin Bama

Duk wancan gini an yi shi ne bisa zaton akwai hanyar mota. A yankin Arakan na Bama kuwa duwatsu ne da ƙungurmin daji da rafuka, in damina ta sauka ƙasa ta zama kunu. Nan ne mutanen Afirka ta Yamma suka shigo lissafi, a yaƙin da Ingila ke yi da Japanawa.

Sun riga sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. A watan Maris 1943 aka kafa dibishan ta 81 a Najeriya a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta 82 ta biyo baya. A sama tsarin iri ɗaya ne da na Ingila, birged uku-uku. Ta 81 na da birged ta 3 ta 'yan Najeriya zalla, ta 5 ta 'yan Gwalkwas wato Gana ta yau, da ta 6 da ta haɗa bataliyar Najeriya da ta Saliyo da ta Gambiya. Ta 82 kuma birged biyu na Najeriya ɗaya ta Gwalkwas. Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki a rajimantin Najeriya, da ita ake magana tsakanin soja da saje ko da ba Hausawa ba ne. Hafsoshi kuwa Turawa ne, har da 'yan Poland, baƙar fata da ya samu muƙamin hafsa tun 1942 shi ne Seth Anthony ɗan Gwalkwas, ya yi yaƙi cikin ta 81.

A ƙasa ne komai ya bambanta. Maimakon dubban motoci, kowace birged an haɗa mata rukunin 'yan dako, sojoji ne masu kaki amma aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsasai da abinci da oba-oba da majinyata, su kuma sare daji su share filin saukar jirgi. Maimakon igwa 72, 'yan ƙananan igwa ne na hawa dutse masu bakin inci 3.7 da ake kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗora wa mutane, da turmin harba bom. Tambarin ta 82 ma ya faɗi komai, mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Na ta 81 kuma gizo-gizo ne baƙi, Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan uwan Gizo namu.

Abinci fa? Daga sama. Da ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙarshen 1943 da farkon 1944 don tsare gefen hagu na Corps ta 15, jirage ne ke jefo mata kaya da lema, ita ce babbar runduna ta farko irin ta yau da kullum da ta rayu kacokan a kan haka. Wutsiyar da Churchill ke ƙorafi a kai ba ta ɓace ba, rabinta ta koma jirgin sama rabinta ta koma kan gammo.

Abin da ya faru a Kaladan, da yadda ake fassara shi

Sun gangara kudu har Kyauktaw, a farkon Maris 1944 Japanawa suka zagayo suka buge su ta gefe, dole aka ja da baya, daga baya a shekarar aka sauya Woolner da Loftus-Tottenham. Wasu manyan hafsoshi a lokacin sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa sojan Afirka bai kai ba. Waɗanda suka yi yaƙin tare da su kuma suka ce a duba abin da aka tura, ai ba cikakkiyar dibishan ba ce. An cire birged ta 3, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya, an ba Janar Wingate don yaƙin sunƙuru a bayan layin Japanawa. Rajimantin leƙen gaba ma an kai ta wani wuri. Saura birged biyu, wato biyu a gaba babu kowa a baya, ga igwa 'yan kaɗan, ga umarni daga sama da ke canjawa. In aka koma kan lissafin uku-uku na farko, wannan hujja tana da nauyi.

Bayan damina ta 81 ta sake komawa Kaladan, ta 82 ta biyo ta kwarin Kalapanzin, suka haɗu suka karɓe Myohaung tsohuwar hedikwatar masarautar Arakan a watan Janairu 1945. Ta 82, wadda Manjo Janar Stockwell ya karɓa a wannan watan, ta ci gaba kudu ta Tamandu da Dalet da Letmauk da An.

Yadda abin ya taɓa talaka

A Ingila dokar tilasta shiga soja ta Satumba 1939 ta hau kan maza masu shekara 18 zuwa 41, kuma da yake dibishan da yawa na yanki ne, masifa kan faɗa wa gari guda a rana guda. Da dibishan ta 51 ta tsaunukan Scotland ta miƙa wuya a Saint-Valery da ke Faransa ranar 12 ga Yuni 1940, wajen mutum 10,000 aka kama, ƙauyuka suka wayi gari samarinsu na hannun Jamus har kusan shekara biyar.

A nan kuwa ta hannun sarakuna da hakimai aka nemi mutane, wani ya je don albashi, wani don kaki, wani kuma ba da son ransa ba. Tsarin dibishan shi ya yanke wa kowa rabonsa. Wanda aka sa cikin direbobi ko makanikai ko 'yan sigina ko masu jinya ya dawo a 1946 da sana'a a hannu da ɗan Turanci, da yawansu suka shiga tuƙin lori da aikin gwamnati da na kamfanoni. Wanda ya riƙe bindiga ko ya yi dako ya dawo da lambar yabo da ciwon jiki, ya koma gona ko gadi. Cuta ma, musamman zazzaɓin cizon sauro da atini, ta kwantar da mutane a Bama fiye da harsashi. Albashi da kuɗin sallama na baƙar fata kuma bai kai na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba, ƙorafin da mazan jiya suka daɗe suna yi, a Accra ma zanga-zangarsu ta 28 ga Fabrairu 1948 da aka harbe uku daga cikinsu ta zama mafarin tarzomar da ta hanzarta neman 'yancin Gana.

Tsarin kansa shi sojan Najeriya ya gada, sashe da filatun da kamfani da bataliya da birged, GOC a sama, duk da cewa dibishan ta yau yanki ake ba ta ta tsare, ba tattara ta ake yi a loda a jirgin ruwa ba, don haka adadin mutanenta ba lallai ya yi daidai da na 1944 ba. Sunayen wuraren ma suna nan a allunan bariki, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Tamandu da An da Myohaung a Legas, Burma Camp a Accra. Barikin Dodan da aka mulki Najeriya daga cikinsa har 1991, wanda Bahaushe ke ji kamar daga dodo aka samo shi, sunan wani wuri ne a Arakan inda sojojin Afirka ta Yamma suka yi faɗa.